Lauyan Iyali Tsakanin Kotu da Teburin Sulhu

Lauya ɗan ɓangare ne. Wanda ya ɗauke shi, shi yake karewa, ko da a ransa ya san abokin shari'a ma yana da tasa gaskiyar. Mai sulhu kuwa ba shi da nasa, kuma da zarar wani ya shinshino ya karkata, zama ya watse. Duk da haka, a Kano da Kaduna da Abuja akwai lauyoyin da suka haɗa ayyukan biyu a rikicin aure, da safe suna gaban alƙali, da yamma suna tsakanin miji da mata.

A shari'ar auren Musulmi a Arewa, lauya baƙo ne. Dokokin kotunan alƙalai sun daɗe suna hana shi tsayawa, sai da hukunce-hukuncen shekarun 1980, ciki har da shari'ar Karimatu Yakubu da Yakubu Paiko ta 1985, suka buɗe masa ƙofa. Sulhu kuwa a gida ya tarar da shi. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a ɗauko mai sasantawa daga dangin miji da wani daga dangin mata, Malikiyya kuma ta ba mutanen nan biyu ikon raba auren idan gyara ya faskara. Ga waliyyai, ga liman da mai unguwa, ga Hisbah. Sulhun zamani kuwa daga Amurka ya taso. A 1976 Frank Sander na Jami'ar Harvard ya kawo shawarar kotu mai ƙofofi da yawa, Legas ta buɗe irinta a 2002, Abuja ta biyo a 2003, Kano ma daga baya. A irin wannan kotu, yarjejeniyar sulhun da alƙali ya sa wa hannu hukunci ce. Masu auren rajista ma, dokar 1970 ta ɗora wa kotu duba yiwuwar sasanta su.

To me lauya ya ƙara a kan abin da dattawa suka iya? A ganina abu guda ne, amma babba. Sulhunmu na gida, in za a faɗi gaskiya, yawancinsa biko ne. Manufarsa mace ta koma ɗakinta, kalmarsa kuma "ki yi haƙuri, ki duba yaranki". Sau da yawa hakan yana ceto aure, ban raina shi ba. Matsalar ita ce idan auren ya riga ya mutu, sai kowa ya kaɗe rigarsa, alhali a lokacin ne aikin ya fara. Wa zai riƙe yara? Nawa ne kuɗin ciyarwa, ranar nawa ga wata, ta hannun wa? Kuɗin makaranta da asibiti fa? Ina za ta yi idda? Kayan ɗakin da aka sayar ranar wata matsuwa, bashi ne ko kyauta? Idan khul'i ne, sadaki kawai za ta mayar, ko har da lissafin lefe da miji ya zo da shi a takarda?

Lauyan da ya san littattafan fiƙihu irin su Risala da Tuhufa ya san abin da kotu za ta bayar. Ya san a Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙon namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuwa tana wuyan uba. Da wannan sani a teburi, ba a cika yi wa mai rauni wayo da sunan zaman lafiya ba. Sannan yakan rubuta komai, abin da zaman zaure ba ya yi.

Sai dai haɗarin sana'ar ma a nan yake. Idan mai sulhu ya ga mace na shirin yafe haƙƙinta don kunyar surukai, ya faɗa mata, miji zai ce an haɗa masa kai. Ya yi shiru, an cuce ta yana kallo. Masu lura sukan gana da kowa shi kaɗai tukuna, su bayyana wa duka biyun hukuncin shari'a da lafazi ɗaya, su kuma ƙi zama lauyan ɗayansu idan magana ta koma kotu. Inda kuma akwai duka, matar da ke tsoron mijinta ba ta iya ciniki da shi. Wannan magana ta alƙali ce, kuma ƙungiyoyi irin su FIDA da WRAPA suna tsaya wa irin waɗannan mata kyauta.