Jembe: daga dandalin ƙauye zuwa aji

A ƙasar Malinke, arewa maso gabashin Gini da kudancin Mali, ba a fara koya wa yaro gangar jembe da gwaninta. Rakiya ake ba shi tukuna: ɗan gajeren salo guda, ya yi ta maimaita shi har tafin hannunsa ya yi kanta, maigidansa na zuba kwalliya a kai. Amo uku ake fitarwa daga fatar akuyar da ke bakin gangar: mai zurfi a tsakiya, matsakaici a gefe, sai mai kaifi kamar mari. A baya kuma ga ganguna uku na sanda, dundunba da sangban da kenkeni, kowace da gurbinta. Wanda ya kauce ko da ƙiris, kowa zai ji.

A ganina, nan zumuncin yake tsirowa. Salonka shi kaɗai ba daɗin ji, sai ya shiga ramin da na kusa da kai ya bari. Dole ka saurari ɗan'uwanka fiye da yadda kake sauraron kanka, kuma wannan tarbiyya ce kafin ta zama kiɗa.

Asali ma kowane kiɗa da aikinsa. Kassa na manoma ne a gona, kamar gangar noma a wurinmu. Soli na bikin kaciya ne. Dununba rawar ƙarti ce a yankin Hamana, wajen Kurusa. Mata ke ɗaga waƙa da tafi, makaɗa su bi, mai jan gaba kuwa idonsa na kan ƙafar mai rawa. Ita ke gaya masa inda zai zafafa da inda zai saki.

Bayan Gini ta sami 'yanci a 1958, gwamnatin Seku Ture ta rungumi ƙungiyar Les Ballets Africains ta Fodeba Keita, aka kwashe kiɗan daga dandali aka ɗora shi a kan dandamali, aka tsara masa farko da ƙarshe. Makaɗin jembe Mamadi Keita, haifaffen Balandugu a 1950, ya shiga wata ƙungiya irinta, Djoliba, yana ɗan shekara 14. A 1991 ya buɗe makarantar Tam Tam Mandingue a Birasels, ta yi rassa har Amurka da Japan.

Ba na raina ajin nan. Mutanen da ba su haɗa dangi ko harshe ba sukan zauna a da'ira duk mako, su saba, har wasu su tara kuɗi su je Konakiri neman ƙarin ilimi. Abin da ke damuna shi ne, a yawancin azuzuwan babu mai rawa, babu matan da ke ɗaga waƙa. Ɗalibi zai haddace Kassa tsaf daga hannun malami, ya buga shi ba kuskure, alhali bai taɓa ganin yadda bugun ke sauka daidai da saran fartanya ba.