Raddi ga masu cewa rana ce ke kama wata

 

Ka sani, ya kai almajiri, magana biyu ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ta farko faɗin jama'a, in wata ya yi husufi, wai rana ce ta kama shi, har yara su fita suna bugun gwangwani don ta sake shi. Ta biyu, ita ce mafi nauyi domin daga bakin masu karatu take fitowa, faɗinsu wai wanda ya ambaci ranar husufi tun bai zo ba ya yi da'awar sanin gaibu.

Amma ta farko, ido kaɗai ya isa ya rushe ta. Husufin wata ba ya aukuwa sai a tsakiyar wata, daren sha huɗu ko kusa da shi. To, duba a wannan dare: rana tana faɗuwa a yamma, wata yana fitowa a gabas, ba lokacin da suka fi nisa da juna a sama kamar wannan. Ta yaya za ta kama shi? Haƙiƙar al'amari ita ce, wata ba shi da haske na kansa, hasken rana ne ke sauka a kansa. Ƙasa kuwa dunƙulalliya ce, tana da inuwa. In ta shiga tsakaninsu daidai, inuwarta ta faɗa kan wata, shi ne husufi. Ka kunna fitila a ɗaki mai duhu, ka ba ta baya, ka riƙe goruba a gabanka: fitila rana ce, kanka ƙasa, goruba wata. Jan da ake gani, kamar na daren 27 ga Yuli 2018, wanda cikarsa ta kai sa'a 1 da minti 43, ragowar haske ne da ya ratsa iskar da ke kewaye da ƙasa ya karkata zuwa gare shi.

Kusufin rana akasin haka ne, wata ke shiga tsakaninmu da ita, don haka ba ya zuwa sai a ƙarshen wata. In ka ce, yaya ƙarami zai rufe babba? Sai in ce, faɗin rana ya ninka na wata kamar sau 400, nisanta kuma ya ninka nasa kamar sau 400, nasa wajen kilomita 384,000, nata wajen miliyan 150. Da babban yatsa ma mutum yana rufe dutse in dutsen na nesa.

In kuma ka ce, don me ba a yin su kowane wata? Amsa ita ce hanyar wata ta karkace daga hanyar rana da kamar daraja 5, suna gittawa a wuri biyu, waɗanda malaman falaki ke kira ra'asi da zanabi. Sai haɗuwa ko cikar wata ta dace da kusa da ɗayansu.

Yanzu ga magana ta biyu, a nan nake son ka natsu. Abin da ke tafiya bisa ƙa'ida ana lissafa shi, kamar yadda ladan ke sanin zawali da inuwa, ba wanda ya ce masa boka. Tun mutanen Babila aka gane husufi na komowa bayan shekara 18 da kwana 11. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, ƙarshen Safar 1427, rana ta rufe ruf da hantsi a Gusau da Katsina, an kuwa faɗi sa'arta tun da shekaru. Kuma wannan ba fatawar Turawa ba ce. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana sababin husufi kamar yadda na faɗa a cikin Tahafutul Falasifa, ya nuna mai musunsa da sunan kare addini cutar da addini yake yi. Ƙarafi, malaminmu na Malikiyya, ya tabbatar a cikin Furuƙ cewa hisabin husufi yankakke ne. Abin da shari'a ta hana daban ne, shi ne a ce husufi na nuna mutuwar sarki, ko yunwa, ko laifin wane. Ranar da Ibrahimu ɗan Annabi ya rasu, shekara ta 10 bayan hijira, rana ta yi kusufi, mutane suka danganta shi ga rasuwar, Annabi da kansa ya kore wannan, ya umurce su da salla da addu'a.

Kada ka ɗauki wannan mas'ala wasa. A Janairun 2001 wata ya yi husufi, samari a Maiduguri suka ƙone otal-otal da mashaya, suna cewa zunuban mutanen ciki ne suka jawo shi, alhali daren yana rubuce a littattafan hisabi kafin a haifi mafi yawansu. Ni laifin na fi ɗora shi ga malamin da ya koyar da sallar kusufi da ruku'unta biyu a kowace raka'a, bai taɓa faɗa wa almajiransa inuwar mece ce ta faɗa kan wata ba.

Allah ne mafi sani. Ya cika.