Jinjina Ga Käthe Kollwitz

Daga cikin masu sassaƙa na ƙasar Jamus a ƙarni na 20, kaɗan ne a ganina suka cancanci yabo kamar Käthe Kollwitz, wadda aka haifa a Königsberg a 1867, ta zauna a unguwar talakawan Balin tare da mijinta likita, tana nazarin fuskokin majinyatansa, har fasaharta ta ginu bisa tausayin miskinai.

Da ajali ya riski ɗanta Peter a fagen fama a Beljiyam a 1914, sai ta ƙudura niyyar yi masa abin tunawa, ta yi ta tsarawa tana rushewa kusan shekara 18, kana a 1932 aka kafa siffofin iyaye biyu na dutse a wata maƙabartar sojoji, dukansu a durƙushe: uban ya ƙanƙame ƙirjinsa da hannuwansa, uwar ta sunkuya a duƙunƙune cikin mayafi. Da hikima ta fasa sassaƙa mamacin kansa, domin makokin ya wadaci dukan matasan da ke kwance a wurin.

Daga baya 'yan Nazi suka tilasta mata barin majalisar fasaha ta Farushiya a 1933. Ta rasu a Moritzburg a Afrilun 1945.