BABI NA UKU: TARKEN RA'AYIN DA KE CEWA MAJALISUN COCI NE TUSHEN MAJALISUN GWAMNATI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar kalmar majalisa da ire-irenta. A wannan babi kuwa za a yi tarken wani ra'ayi da ya shahara a tsakanin masana tarihin Turai, wato ra'ayin da ke cewa al'adar taka wa mai mulki burki ta hanyar majalisa ta sami gindin zama ne daga majalisun cocin Katolika, musamman wadda aka yi a garin Kwanstans na ƙasar Jamus daga 1414 zuwa 1418. Za a kawo ra'ayin a taƙaice, a nuna inda ya yi ƙarfi, sannan a nuna inda ya yi rauni. Dalilin yin haka shi ne, idan har ra'ayin ya tabbata ɗungurungum, to majalisa baƙuwa ce ke nan a duk ƙasar da ba ta bi ta kan tarihin coci ba, kuma ba a daɗe wa baƙo bisa kujerar mai gida.

3.1 Ra'ayin a Taƙaice

A shekarar 1378 cocin Katolika ya dare gida biyu, aka sami Fafaroma ɗaya a Roma, ɗaya a garin Abinyon na Faransa, kowane yana cewa shi ne na gaskiya. A 1409 aka yi taro a garin Fisa na Italiya don a warware rikicin, aka zaɓi sabon Fafaroma, amma biyun farko suka ƙi sauka, sai suka koma uku. Wannan ne ya jawo Majalisar Kwanstans. A watan Afrilu na 1415 majalisar ta fitar da dokar da ake kira Haec Sancta, wadda ta ce ikonta daga Almasihu yake kai tsaye, kuma wajibi ne kowa ya yi mata biyayya, har da Fafaroma, a kan abin da ya shafi bangaskiya da ɗinke ɓaraka da gyaran coci. Ta tuɓe Yohanna na 23 a 1415, Giregori na 12 ya yi murabus, ta tuɓe Benedik na 13 a 1417, sannan aka zaɓi Matin na 5 a watan Nuwamba na wannan shekara.

Ɗaya daga cikin masanan da suka ɗora gini a kan wannan tarihi shi ne John Neville Figgis, wani limamin cocin Angilikan, a littafinsa na 1907 mai suna Studies of Political Thought from Gerson to Grotius. A ganinsa, a Kwanstans ne aka bayyana ƙarara, da harshen da ya game kowace al'umma, cewa shugaba wakilin jama'a ne, kuma jama'a na iya tuɓe shi ta hannun majalisarsu. Daga baya Brian Tierney, a littafinsa na 1955 mai suna Foundations of the Conciliar Theory, ya nuna cewa malaman Kwanstans ba su ƙago hujjojinsu a rana ɗaya ba. Sun gaje su ne daga masana dokar coci na ƙarni na 12 da na 13, waɗanda suka daɗe suna tattauna irin dangantakar da ke tsakanin bishop da majalisar limaman babban cocinsa, da abin da za a yi idan Fafaroma da kansa ya kauce hanya. A wani littafin da ya fitar a 1982 ya faɗaɗa maganar, ya nuna yadda waɗannan hujjoji suka ƙetara zuwa tunanin siyasar Turai.

3.2 Inda Ra'ayin Ya Yi Ƙarfi

Duk mai tarke na gaskiya dole ne ya fara da bai wa mai haƙƙi haƙƙinsa. Akwai abubuwa biyu da ba za a iya musunta wa waɗannan masana ba.

Na farko, a Turai ta wancan zamani malaman coci su ne masu alƙalami a fadar sarakuna. Su ne magatakarda, su ne mashawarta, saboda haka kalmomin da suka saba da su a harkar coci su ne suka shiga takardun sarauta. Misali, akwai wata ƙa'ida da aka samo daga dokar Rumawa mai nufin cewa abin da ya shafi kowa sai da yardar kowa. A asalinta magana ce a kan masu riƙon dukiyar maraya, amma masana dokar coci suka faɗaɗa ta, har ta bayyana a takardar da Sarki Edwad na 1 na Ingila ya aika wa bishop-bishop yana kiran su majalisar 1295.

Na biyu, an ci gaba da kafa hujja da Kwanstans ɗaruruwan shekaru bayan watsewarta. Malamai irin su John Major da Jacques Almain sun koyar da wannan ra'ayi a Jami'ar Faris a farkon ƙarni na 16. Haka kuma a lokacin yaƙin basasar Ingila na shekarun 1640, wasu marubutan ɓangaren majalisa sun kawo Kwanstans da Basel a matsayin misali, suna nufin idan an iya tuɓe Fafaroma to sarki ma ba gagarau ba ne. A nan zaren da Figgis da Tierney suka ja bai tsinke ba.

3.3 Inda Ra'ayin Ya Yi Rauni

Babban raunin ra'ayin shi ne ya bayyana inda aka samo hujja, amma bai ba da isasshen bayani a kan inda aka samo iko ba. Za a duba wannan ta fuskoki huɗu.

3.3.1 Wa Ke Kiran Majalisa?

Tun daga farko majalisun coci ba su tsaya da ƙafafunsu ba. Majalisar Nikiya ta 325, wadda aka yi a garin da yanzu ake kira Iznik a Turkiyya, Sarkin Rum Kwanstantin ne ya kira ta, shi ya ɗauki nauyin tafiyar bishop-bishop, kuma shi ya kori Ariyus daga ƙasa bayan an yanke hukunci a kan koyarwarsa. Dukkan manyan majalisu bakwai na farko, daga 325 zuwa 787, fadar Rum ce ta kira su. Hausawa kuwa na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Kwanstans ma haka take. Sarkin Jamus Sigismun ne ya matsa wa Yohanna na 23 lamba har ya kira ta, kuma da Yohanna ya gudu daga garin a watan Maris na 1415, Sigismun ne ya hana taron watsewa. Malaman majalisar sun gane wannan rauni nasu, shi ya sa a 1417 suka kafa dokar Frequens, wadda ta ce a sake taruwa bayan shekara 5, sannan bayan 7, daga nan kuma duk bayan shekara 10. An bi dokar sau biyu kacal, a 1423 da kuma 1431 a Basel. Majalisar Basel ta shiga takun saƙa da Fafaroma Yujin na 4, ta naɗa nata Fafaroman a 1439, amma sarakuna suka juya mata baya, ta watse a 1449. A 1460 Fafaroma Fiyus na 2 ya haramta ɗaukaka ƙara daga hukuncin Fafaroma zuwa ga majalisa. A 1870 Majalisar Batikan ta ɗaya ta tabbatar da cikakken ikon Fafaroma a kan coci baki ɗaya, kuma dokar coci ta 1983 ta bar wa Fafaroma shi kaɗai ikon kiran babbar majalisa da rushe ta.

Abin lura a nan shi ne dalilin da ya sa sarakuna suka janye. Sarkin Faransa ya yi amfani da dokokin Basel a 1438 don ya rage ikon Roma a ƙasarsa, amma a 1516 aka yi yarjejeniyar Bolonya wadda ta ba Sarki Faransuwa na 1 ikon zaɓar bishop-bishop, sai fada ta saki ra'ayin majalisa. Wato majalisa sanda ce kawai a hannun sarakuna, da suka gama kora da ita suka jingine ta.

3.3.2 Wa Ke Riƙe da Baitulmali?

Idan hujja ce ke raya majalisa, da a Faransa ta fi ƙarfi, domin Jami'ar Faris ita ce cibiyar wannan ra'ayi, kuma shugabanta Jean Gerson yana cikin jagororin Kwanstans. Amma majalisar ƙasa ta Faransa, wadda aka fara kira a 1302, ba ta zauna ko sau ɗaya ba tsakanin 1614 da 1789, saboda tun ƙarni na 15 sarakunan ƙasar suka sami hanyar karɓar haraji ba tare da neman yardarta ba. Sai da baitulmali ya bushe sannan aka tuna da ita.

A Ingila kuwa tun ƙarni na 14 ya zama doka cewa ba a ɗora sabon haraji sai da amincewar majalisa. Sarki Cals na 1 ya yi mulki ba majalisa daga 1629 zuwa 1640, amma da yaƙi ya ɓarke tsakaninsa da mutanen Sikotlan, rashin kuɗi ya tilasta masa kiran ta. Tun daga 1689 kuwa majalisar Ingila take zama kowace shekara, domin a hannunta kuɗin gwamnati da na soja suke. Abin da dokar Frequens ta kasa yi da rubutu, haraji ya yi shi a aikace. Wannan bambanci tsakanin Ingila da Faransa, ƙasashe biyu da suka sha daga rijiyar dokar coci guda, ra'ayin da ake tarke bai iya warware shi ba.

3.3.3 Majalisun da Ba Su Bi ta Coci Ba

Mutanen tsibirin Aislan sun kafa majalisarsu ta ƙasa a 930, alhali ba su karɓi Kiristanci ba sai wajen shekara ta 1000, kuma a zaman wannan majalisa ne ma aka yanke shawarar karɓar addinin. A daular Oyo akwai majalisar mutum bakwai ƙarƙashin Bashorun, wadda idan ta ƙi Alafin to mulkinsa ya ƙare. A Kano kuwa Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa majalisar Tara-ta-Kano, wato a daidai zamanin da Roma ke rufe wa majalisa ƙofa. Bugu da ƙari, shawara ginshiƙi ce a tsarin mulkin Musulunci, har akwai sura guda a Alƙur'ani mai ɗauke da wannan suna, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya jaddada ta a littafin Diya'ul Hukkami da ya rubuta wa mutanen Kano. Hausawa ma tun kaka da kakanni suke cewa shawara ɗaukar ɗaki.

Ya kamata a yi wa masanan adalci, domin a kan Turai suka yi magana. Amma duk da haka waɗannan misalai sun nuna cewa buƙatar kewaye mai mulki da majalisa abu ne da al'ummomi suka gano daban-daban. Abin da coci ya bai wa Turai shi ne rubutaccen bayani na shari'a a kan abin da mutane da yawa suka riga suka sani.

Haka kuma tambayar da ta dami Kwanstans ta taɓa tasowa a Arewacin Nijeriya ba tare da an ambaci coci ba. Bayan ƙudurin da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar a 1950 na neman gyaran mulkin En'e, an soke tsarin da sarki ke zama hukuma shi kaɗai, aka bambanta tsari biyu. A na farko sarki na sauraron majalisa amma yana iya ƙin bin ra'ayinta, a na biyu kuwa ra'ayin masu rinjaye ya ɗaure shi. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce tazarar da Fafaroma da Majalisar Basel suka yi ta jayayya a kanta.

3.3.4 Majalisa da Adalci

Rauni na ƙarshe shi ne ra'ayin yakan sa mai karatu ya ɗauka cewa nasarar majalisa nasarar talaka ce. Majalisar da ta fitar da Haec Sancta a watan Afrilu na 1415 ita ce ta yanke wa malamin nan na Bohimiya, Yan Hus, hukuncin bidi'a, aka ƙone shi ranar 6 ga Yuli na wannan shekara, duk da takardar aminci da Sigismun ya ba shi. Mutuwarsa ta haifar da yaƙe-yaƙe a ƙasarsa daga 1419 zuwa 1434. Haka nan hukuncin Majalisar Kalsidon ta 451 ya raba cocin Kibɗawa na Masar da na Habasha daga sauran, rabuwar da har yau ba ta ɗinke ba. Bishop-bishop da malaman jami'a da jakadun sarakuna ne suka zauna a Kwanstans, kuma ƙasa-ƙasa aka riƙa jefa ƙuri'a. Saboda haka abin da aka yi a can jayayya ce tsakanin manya a kan rabon iko.

3.4 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ra'ayin Figgis da Tierney ya yi daidai a kan tarihin kalmomi da hujjoji, domin an iya bin sawunsu daga masana dokar coci zuwa Kwanstans, daga can zuwa Faris da Ingila. An kuma ga cewa bai isa ya bayyana dalilin da ya sa wata majalisa ke rayuwa wata ke mutuwa ba. Binciken ya nuna cewa ana auna ƙarfin majalisa ne da abubuwa uku: ko tana iya zama ba tare da izinin wanda take sa wa ido ba, ko tana da iko a kan kuɗi, da kuma ko akwai mai zartar da hukuncinta. Kwanstans ta ari na farko da na uku daga hannun Sigismun, ba ta taɓa mallakar na biyu ba, shi ya sa cikin shekara 45 da fitar da Haec Sancta aka rushe aikinta. Da wannan ma'auni za a duba majalisun sarakunan ƙasar Hausa a babi na huɗu.