Idan Kowa GOAT Ne, Ina Za a Ajiye Shago?

Da wuya yanzu ka kalli bidiyon dambe a Facebook ko TikTok ba ka ga an rubuta GOAT a ƙarƙashinsa ba, an bi shi da jerin hotunan akuya. Yaro ya shiga fili, ya yi sa'a ya kai abokin karawarsa ƙasa a turmin farko, kafin ya gama kwance zare an naɗa shi wanda ba a taɓa yin irinsa ba. Mako ya zagayo wani ya buge shi, rawanin ya tashi ya koma kan wancan. Samarinmu na Talata Mafara da Bakura da Maradun ma sun karɓe ta, daga teburin mai shayi har gidan kallon ƙwallo. Ni kuwa ina ganin kalmar ba ta dace da dambe ba, kuma tana yi masa ɓarna a hankali.

Ga wanda bai sani ba, ba akuya ake nufi ba, ko da yake haka kalmar take a Turanci. Haruffan farko ne na wasu kalmomi huɗu da ke nufin wanda ya fi kowa a kowane zamani. Da Muhammad Ali aka fi danganta ta, shi da ya riƙa kiran kansa mafi girma tun yana matashi. A 1992 matarsa Lonnie ta yi rajistar kamfani da waɗannan haruffa, a 2000 mawaƙin Amurka LL Cool J ya sa wa kundin waƙoƙinsa sunan. Mu kuma musun Messi da Ronaldo ne ya shigo mana da ita. Abin dariya, a garin da kiran mutum akuya kan jawo a cire riga, yau saurayi murna yake a liƙa masa hotonta.

A can inda kalmar ta fito akwai abin da take tsaye a kansa. Ali ya yi dambe 61 a matsayin ƙwararre, ya ci 56, an cinye shi sau 5. An san ranar da Joe Frazier ya doke shi a 1971, an san daren da ya kayar da George Foreman a Kinshasa a 1974, an san azabar da suka ba juna shi da Frazier a Manila a 1975. Mai cewa Messi ne sai ya kawo Ballon d'Or 8 da kofin duniya na 2022, mai cewa Ronaldo ne ya kawo nasa 5 da tarin ƙwallaye. Musun ba ya ƙarewa, amma kowa na da takarda a hannu. Damben gargajiya bai taso da irin wannan littafi ba. Da kaka, bayan an kai amfanin gona gida, 'yan dambe, galibinsu mahauta, suke bin gari gari. A buga kalangu, a yi turmi uku, ko a yi kisa, wato a kai mutum ƙasa, ko a tashi babu kisa, kowa ya kama hanya. Abin da ya rage shi ne bakin waɗanda suka gani da bakin makaɗi.

Ta wannan hanya sunan Shago ya kawo gare mu. Mutumin 'Yar Kofoji ne a ƙasar Bakura, kuma duk Bahaushen da ya taɓa jin rediyo ya san shi, har wanda bai taɓa taka filin dambe ba, saboda waƙar da Muhammadu Bawa Ɗan Anace ya yi masa. Idan akwai ɗan damben da samarin yau za su so su kira GOAT da gaske, shi ne. Amma ka saurari yadda dattawan da suka san zamaninsa suke ba da labarinsa. Ba a jimawa da ambaton Shago sai an kawo Ɗan Dunawa. Ba sa kawo shi don su rage wa Shago komai. Suna kawo shi ne domin ta gefensa ake gane tsawon Shago. Namijin da bai gamu da namiji ba, me ya yi? Girman ɗan dambe a wancan lissafi yana rataye ne ga girman waɗanda ya tsaya da su, da yawan kakar da ya yi yana shiga fili, da garuruwan da ya je a matsayin baƙo, ba danginsa ba magoya baya, ya fito da ƙafafunsa. Shekaru ne ke tara wannan, kuma ba mutum ɗaya ke yanke hukuncin ba.

GOAT kuwa ba ta son kishiya. Da ka faɗe ta ka share kowa, na jiya da na yau da wanda ba a haifa ba. Ka duba sunayen da 'yan dambe ke amsawa har yanzu: Shagon wane, Autan wane, Bahagon wane, Dogon wane, Garkuwan wane. Kowane suna yana gaya maka ubangidan mutum, ko hannun da yake ɗaurawa, ko gidan da ya fito. Ka ji sunan sai ka tambaya, na Kudu ne, na Arewa ne, ko Guramada? Suna ne mai ɗaure mutum da mutanensa. Sabuwar kalmar tsinke shi take yi ta ajiye shi shi kaɗai, alhali ba wanda ya taɓa koyon dambe shi kaɗai.

Za a ce mini ai kirari ma zuguguwa ne. Gaskiya ne. Makaɗanmu sun kira mutane giwa da zaki da guguwa, sun ce ƙarfe ba ya cin wanda ƙaya ma tana huda shi. Sai dai kirari yana da wurinsa. A fili ake yinsa, ganga na tashi, don jinin mutum ya motsa ya shiga, kuma kowa ya san take ne, ba hukuncin alƙali ba. Shi ma makaɗin da sunansa yake caca. Idan ya ɗauki rago ya kai shi sama, rago ya faɗi a gaban jama'a, har shi ake yi wa dariya. Ɗan Anace ya jingina sunansa da na Shago, kowannensu ya ɗaga ɗan'uwansa. Wanda ya danna hoton akuya a waya bai jingina komai ba. Gobe ya danna wa wani.

Ɓarnar da nake gani a fili ita ce tsoron faɗuwa. Bidiyon da ke yawo na daƙiƙa ashirin ne, naushin ƙarshe kawai, mutum ya zube, a maimaita shi a hankali da kiɗa. Ba a yaɗa turmi ukun da gwanaye biyu suka yi suna auna juna, wannan ya kawo wancan ya kauce, hannun tsaro yana aikinsa, ƙafa tana neman wuri, aka tashi babu kisa. Ga wanda ya san dambe nan ne daɗin yake. Yaron da ya taso yana ganin kisa kaɗai ake sakawa, kisa kaɗai zai koya. Ya rufe ido ya yi ta wurgi. Wanda kuma aka riga aka ɗora wa sunan, faɗuwa ɗaya ta zama abin kunyar da za a yi ta aika wa juna har ƙarshen shekara, don haka ba abin mamaki ba ne idan shi ko ubangidansa suka fara zaɓen wanda za a sa zare da shi. Ali da ake aro kalmar daga gare shi sau biyar aka doke shi, bai rage masa komai ba.

Ban ce waya ba ta amfani dambe ba. Tun da Dambe Warriors suka fara ɗora wasanni a YouTube a 2017, mutanen da ba su san ina Zamfara take ba suna kallon abinmu. Rashin tsaro ya sa taron dare a ƙauyukanmu ya yi wuya, 'yan wasa da yawa sun koma Kano da Dei-Dei a Abuja da Legas, kuma ta waya ne mutanen gida ke ganin 'ya'yansu. Ana damben mota, ana damben babur, wasu sun yi gida sun yi aure da sana'ar. Wannan duk alheri ne.

Haka kalmar ta faɗa cikin waƙa, kuma a nan ma ta fi ba ni haushi. Sai ka ji ana musu wa ne ne GOAT tsakanin Shata da Ɗanƙwairo da Narambaɗa. Musa Ɗanƙwairo namu ne; a ƙasar Bakura aka haife shi a 1909, mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun ne, ya gaji kotso a gida, ya rayu har 1991. Waƙarsa ta fada ce, shi da 'yan amshinsa suna karɓeɓeniya, kowa ya san inda zai shiga ya miƙa wa na gaba. Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa yana saƙa magana a hankali. Shata da kalangu ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan kasuwa, yana ƙirƙira a tsaye. Tambayar wa ya fi a nan kamar a tambayi manomin Bakolori ne tsakanin shinkafa da albasa wace ce ta fi. Zai ce maka miya kake nema ko tuwo? Mai musun ma sau da yawa bai taɓa zama ya ji waƙar ɗayansu daga farko har ƙarshe ba.

Idan samari na son musun nan da gaske, akwai aikin da ya kamata a fara. Wayoyin da ke zagaye da fili sun riga sun ɗauki kowane turmi. Abin da babu shi ne mai zama ya rubuta: ranar kaza, a gidan damben kaza, wane na Arewa da wane na Kudu, turmi nawa, kisa ko babu kisa. Masu gidajen dambe da shugabannin ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada za su iya sa a yi, ba ya cin kuɗi. A ɗora wasan gaba ɗaya, ba naushin ƙarshe kaɗai ba, a rubuta sunan wanda aka kashe daidai da na wanda ya yi kisan. A je 'Yar Kofoji da Mafara da Maradun a naɗi muryar tsofaffin da suka ga Shago da idonsu tun suna da rai, su faɗi da wa ya kara, a wane gari, a wace kaka.