Lissafin jimilla ta bakin tafinta: nazari kan al'adar ORM

Tun da Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da harshen da ya zama SQL a kamfanin IBM a 1974, aka san rumbun bayanai da iya lissafi. Kalmomi biyar ne jigon aikin: COUNT na ƙirga, SUM na tarawa, AVG na fitar da matsakaici, MIN da MAX kuwa su zaƙulo mafi ƙanƙanta da mafi girma. Rumbun ya yi aikinsa a inda bayanan suke, ya miƙo lamba guda.

Daga baya masu rubuta manhaja suka gaji da rubuta SQL da hannu, sai aka sanya tafinta a tsakani, wato ORM. Daga cikin irin waɗannan tafintoci, Hibernate ya fito a 2001, Django a 2005, SQLAlchemy a 2006. Aikin tafintan shi ne ya mayar da kowane layi na tebur wani abu guda mai suna da siffofi: ɗalibi guda, rasit guda. To, lissafin jimilla ba ruwansa da ɗaiɗaiku, taro yake kallo. Django ma sai a 2009, a fitowa ta 1.1, ya samu aggregate da annotate. Na farko ya taƙaita tebur duka, na biyu ya liƙa wa kowane layi jimillarsa.

Alherin wannan tsari a fili yake. Kafin a saba da shi, sau da yawa mai koyo kan kwaso layuka dubbai zuwa manhajarsa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tarawa, aikin da rumbun zai gama cikin ƙiftawar ido.

Amma abin da ya fi damuna shi ne kuskuren da ba ya ƙara. A ɗauki manhajar makaranta: aji guda mai ɗalibai 40 da malamai 3. Mai rubutu ya nemi adadin ɗalibai da na malamai a tambaya guda, ya jera Count biyu cikin annotate. Rubutun ya yi kyau a ido. A ƙarƙashi kuwa Django ya haɗe teburan da JOIN, kowane ɗalibi ya bayyana sau uku, sau ɗaya ga kowane malami. Amsa ta dawo: ɗalibai 120, malamai 120. Manhaja ba ta tsaya ba, ba ta yi gargaɗi ba. Malamai 120 a aji guda kowa zai gane akwai matsala. Amma in kuɗin makaranta ake tarawa, jimillar ta ninka uku ta shige rahoto, sai ranar da akanta ya zo dubawa a fara zargin mai karɓar kuɗi.

Takardun bayanin Django da kansu sun yi kashedi kan wannan, sun kuma nuna distinct=True a matsayin magani ga ƙirga. Wanda ya kwashi maganin ya kai kan tarawa ya sake faɗawa wani ramin: ɗalibai 40 da kowa ya biya naira 5,000 za su koma biya guda, domin lambar iri ɗaya ce. Hanya mai kyau ita ce kowace jimilla ta samu tambayarta, ta hanyar Subquery da aka ƙara a 2017.

Akwai kuma batun gurbin da ba a cike ba, wato NULL. AVG tsallake shi yake yi, don haka ɗalibin da bai zauna jarrabawa ba ba zai ja matsakaicin aji ƙasa ba, ko da hukumar makaranta sifili take nufi. SUM a kan tebur maras komai ba sifili yake bayarwa ba, NULL ne. A Django 4.0 aka sauƙaƙa hanyar faɗin abin da zai maye gurbinsa.

Ba na ganin laifin ORM a nan kamar yadda nake ganin laifin yadda ake koyar da shi: ana nuna wa matasa annotate kafin su taɓa rubuta GROUP BY da hannunsu. Django na barin kowa ya buga SQL ɗin da zai aika, ta hanyar query da ke jikin kowace tambaya, kuma duk lissafin da ya shafi kuɗi ko makin ɗalibi ya cancanci a karanta wannan SQL ɗin, a gwada shi da aji ƙarami da za a iya ƙirgawa da yatsa, kafin a saki manhajar.