Salsalar da ake rubutawa don neman kujera

'Yan'uwa, ina da magana kan rubuce-rubucen asalin gidaje da muke ta kawowa a ƙungiya. Kusan duka zubinsu ɗaya: wane ya haifi wane, namiji bayan namiji, har a diro kan mai rawani na yau. Ni dai ban ɗauki wannan tarihi ba. Takardar neman haƙƙi ce, kuma haka ya kamata a karanta ta.

Ba mu muka fara ba. Bayan Sipaniyawa sun ci Meksiko a 1521, 'ya'yan mayaƙan farko sun riƙa tara shaidu, suna rubuta wa sarkinsu hidimar da ubanninsu suka yi, don a bar musu gandu da harajin mutanen ƙasar. A irin wannan takarda uba ne jari. Uwa kuwa, in 'yar ƙasa ce ba 'yar sarauta ba, sau da yawa ko sunanta ba a ji.

To, mu dawo gida Kurfai. Kafin Annasara, Mayaƙi sarautar yaƙi ce, jarumta ke ba da ita. Da Faransawa suka kafa bariki a Filinge suna neman mutum guda da zai tara lanho ya ba da ma'aikata, sai suka ɗora Gado Namalaya kan kanto. A 1916 Firhun ya kawo hari Filinge da Buzayensa aka kore shi, gidan ya ƙara ƙarfi wurin kumandan. Daga nan salsala ta zama abin da ake kaiwa bariki. Kowane gida mai son rawani sai ya miƙe layinsa, ya datse rassan da ba su da amfani a shari'a.

Ban ce ƙarya ce ba fa. Sunan Mayaƙi ya yi nisa da gaske: Adamu Mayaƙi, haifaffen Filinge, ya riƙe ministan harkokin waje, ɗansa Ibrahim Asan Mayaƙi ya zama firaminista a 1997. Abin da ke damuna shi ne mu ɗalibai mu kwafe wannan zubi ido rufe, ko ga gidajen da ba su taɓa neman sarauta ba. Ina kakanninmu mata, Zabarmawa da Buzaye da aka auro a bakin Dallol Boso? Ina bayin da suka haƙa rijiyoyin? Tsofaffin mata sun san sunayensu sarai, wurin daka da wurin biki suke faɗi, amma namu marubutan zaure kaɗai suke zuwa da biro.